Tambaya da Amsa: Kafin ka taɓa gidan da za ka sayar, kira dillali tukuna

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa duk a kan abu ɗaya ne, mutum yana son sayar da gida kuma yana so ya ɗan gyara shi ko farashin ya ɗaga, toh amma me za a gyara, wa za a tambaya, kuma maganar dillali abin kamawa ce ko kuwa. Na zaɓo guda biyar, na ɗan rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO

Malam barka da aiki, dan Allah a raba mana gardama ni da maigidana. An yi masa canjin wurin aiki shine muke so mu sayar da gidanmu nan da wata huɗu ko biyar mu bi shi. Gidan shekararsa 14 da ginawa, lafiyarsa lau sai dai kicin ɗin ya tsufa sosai, tayil ɗin falo ma tsohon yayi ne. Ni nace mu fasa kicin ɗin a yi sabo fil, a canja tayil, a sa sabon silin mai ado sannan mu kira dillali yazo ya ga gida tsaf, shi kuma ya kafe wai sai an fara kiran dillali kar mu taɓa komai. Ni wallahi kunya nake ji a shigo da baƙo ya ga kicin ɗin nan a haka. Waye mai gaskiya a cikinmu?

Wata uwargida

Amsa: Hajiya, a wannan maganar maigida ne da gaskiya. Kunyar da kike ji na fahimce ta, duk macen da ta san darajar gidanta haka za ta ji, amma shi dillali aikinsa kenan shiga gidaje a yadda suke, ya ga kicin ɗin da ya fi naki tsufa sau goma. Kuma amfanin zuwansa ma tun ba a kashe ko sisi ba ne, in kin riga kin fasa kin gina, me ya rage da zai ba ki shawara a kai?

Abin da nake so ki riƙe shine kuɗin da aka zuba a gida daban, abin da gidan ya ƙaru da shi a kasuwa daban. Mai saye ba rasit ɗin kafinta zai duba ba, gidanki yake aunawa da sauran gidajen da aka kai shi ya gani a satin nan. Kowace unguwa kuma tana da inda farashinta ya tsaya, in gidajen layinku masu ɗaki huɗu ana sayar da su a wani mataki toh ko zinare kika shimfiɗa a kicin da wuya ki wuce wannan matakin da nisa, domin wanda kuɗinsa ya wuce nan wata unguwar zai nufa. Masu kimanta kadara sun daɗe da sanin wannan, gidan da ya fi kowanne kyau a layi maƙwabtansa ke janyo farashinsa ƙasa, wanda ya fi kowanne lalacewa kuma su ne ke ɗaga shi.

Na ga wannan da idona a gidan yayana. Wata biyu ya yi ana aikin kicin, ya sa durowoyi masu launin kore mai duhu saboda shi da matarsa suna so, da dutse mai sheƙi a kan kanta, sai da aka gama tsaf sannan ya kira dillali. Mutumin ya shigo, kicin ɗin ma kallo ɗaya ya yi masa ya yaba ya wuce, ya je ya tsaya a lungun da ake bi zuwa banɗaki ya ɗaga kai yana kallon wani tabo ruwan ƙasa a jikin silin, bai fi faɗin faranti ba, mu mun saba ganinsa har mun daina lura da shi. Ya hau kujera ya sa yatsa ya danna, wurin ya lotsa. Ya ce Alhaji wannan ne zai ci maka kuɗi. Haka kuwa aka yi, duk wanda aka kawo sai ya tsaya a ƙarƙashin tabon nan ya fara tambayar lafiyar rufi, matar wanda ya saya daga ƙarshe kuwa tun a gabanmu take tambayar mijinta ko za a iya canja launin durowoyin. Har yau abin yana damun yaya in an tuna, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, alhali gyaran rufin da ya bari bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da kicin ɗin ya ci ba.

Toh ga yadda za ku yi. Ku nemi dillalan da suka sayar da gida a unguwarku kwanan nan, biyu ko uku. Duk wanda ya zo ku ce ya fara tun daga bakin titi, ya shigo kamar shine mai saye, ke kuma ki bi shi da takarda da biro, kar ki kare komai, kar ki ce ai wannan dama za mu gyara, ki bar shi ya faɗi abin da idonsa da hancinsa suka gaya masa. Duk abin da ya ce a gyara ki yi masa tambaya biyu, in mun gyara nawa zai ƙara, in mun bari nawa za a rage mana. Sannan ya nuna muku gidajen da ya dogara da su wurin faɗin farashi, masu kama da naku a girma da shekaru, waɗanda aka sayar cikin wata 3 zuwa 6 da suka wuce. Ki lura nace waɗanda aka sayar, ba waɗanda aka sa a kasuwa ba, kowa yana iya sa wa gidansa kuɗin da ransa ya so, farashin gaskiya shine wanda aka sallama aka biya.

Kicin ɗinki kuma, tsakanin fasawa da barinsa a haka akwai hanya. In katakon durowoyin bai ruɓe ba a yi musu fenti mai haske a canja musu mariƙi, a sa sabon kan famfo, a kankare baƙin da ke tsakanin tayil a sake cikewa, a ƙara fitila. Aikin kwana uku ne ko huɗu. Tayil ɗin falo in bai fashe ba, kuma in an ƙwanƙwasa ba ya amo kamar ganga, ki bar shi, tsohon yayi ba aibi ba ne. Ki kuma tuna da lokacinku, wata huɗu ba shi da yawa, aikin gini ya saba wuce ranar da aka sa masa, sabon filasta ma sai ya yi makonni yana bushewa kafin ya karɓi fenti. Tsohon kicin mai tsabta ana taya shi, wanda aka fasa ba a gama ba kuwa kowa gudunsa yake.

TAMBAYA TA BIYU

Salam Malam. Na bi shawarar wani abokina na kira dillalai uku su ga gidana. Biyu kuɗin da suka faɗa ya yi kusa da juna kuma dukansu sunce in gyara magudanar ruwan tsakar gida in yi fenti ta waje. Na ukun ya ɗora kusan kashi 20 cikin 100 a kan nasu, yace kar in gyara komai yana da mai saye a hannu, kawai in sa hannu a takarda cewa shi kaɗai zai riƙe gidan har wata shida. Gaskiya zuciyata tafi kwanciya da shi tunda shine ya ga darajar gidan. Me ka gani?

Wani magidanci

Amsa: Ɗan'uwa, dan Allah dakata, kar ka sa hannun nan tukuna. Dillali ba shi zai sayi gidan ba, kuɗin da ya faɗa ba daga aljihunsa zai fito ba, saboda haka faɗin farashi mai tsoka ba ya cinsa komai. Tsohuwar dabara ce a sana'ar, a faɗa wa mai gida abin da kunnensa ke son ji don a karɓe gidan daga hannun sauran dillalai, in an samu sa hannu sai a yi sati uku shiru, sannan a kira ka a ce Alhaji kasuwa ta yi sanyi sai dai a ɗan rage, a rage a sake ragewa har a dawo inda waɗancan biyun suka faɗa tun farko. Wani lokacin ma ƙasa da nan, domin gida a satuttukan farko yake jan ido, in ya daɗe a kasuwa mutane sai su fara tambayar me ke damunsa, masu taya kuma su gane ka gaji.

Gwada shi ba wuya. Yana da mai saye a hannu? Madalla, ya kawo shi cikin satin nan, ka rubuta masa takarda a kan wannan mutumin kaɗai da sunansa, ta sati biyu. Wanda ke da mai saye da gaske wata shida ba ta da amfani a wurinsa. Ka kuma ce ya nuna maka gida uku da aka sayar a kuɗin da ya faɗa. In ya kawo, toh ka saurare shi, wataƙila ya san abin da sauran ba su sani ba, hakan na faruwa. In ya fara kame-kame ka samu amsarka.

Ba ina cewa dillalai maƙaryata ba ne, a'a, na san na kirki da yawa kuma sun san kasuwa fiye da ni da kai. Amma yana da kyau ka san inda buƙatarka da tasu ta haɗu da inda ta rabu. Mu yi lissafi, a ce gidanka ya kai 1,000, la'adarsa kuma kashi 3 cikin 100. An taya 950. In ka sallama ka rasa 50, shi kuma 1.5 kawai ya ragu a la'adarsa, ga shi ya huta da wata guda na kai mutane da kawowa. Kaga kenan shi a sayar yau ya fi masa. Wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Chicago a Amurka, Steven Levitt da Chad Syverson, sun bi diddigin cinikin gidaje kusan 100,000, sakamakon ya fito a 2008, suka ga idan dillali gidansa na kansa yake sayarwa yakan bar shi a kasuwa kwana 9.5 fiye da na mutane, kuma yakan sayar da tsada da kusan kashi 3.7 cikin 100. Wato in nasa ne ya san yadda ake haƙuri.

Wannan lissafin yana shafar maganar gyara ma, kuma nan ne mutane ba su cika lura ba. Kuɗin gyara daga aljihunka yake fita, la'ada kuma a kan farashin gida gaba ɗaya ake cire ta. In ka kashe 50 farashi ya ƙaru da 30, kai ka yi asarar 20, shi kuwa la'adarsa ta ƙaru kuma gidan ya fi saurin tafiya. Shi ya sa dillalin da ya jero maka gyara goma sha biyar ma sai ka tsaya ka tace, kamar yadda za ka tace wanda ya ce kar a gyara komai. Abin da masu saye ke so da abin da ke korarsu, wannan ka ji maganarsa, kullum yana tare da su. Amma nawa za ka kashe da yaushe za ka sallama, wannan naka ne.

A naka kam mutum biyu da ba su haɗa baki ba sun nuna abu ɗaya, magudana da fentin waje, ni da ni ne zan yi su. Ruwan da ke kwanciya a tsakar gida yana tsorata mai saye saboda tunaninsa harsashin gini yake zuwa, fentin waje kuma shine abin da ake fara gani tun kafin a fito daga mota. In har yanzu farashin na maka ruɗani ka biya ƙwararren mai kimanta kadara, shi kuɗin aikinsa yankakke ne, a sayar ko kar a sayar bai shafe shi ba. Duk kuma wanda za ka ba gidan, takardar ta faɗi tsawon lokaci, da la'ada, da wanda zai biya hoto da talla, da yadda za ka fita in bai yi maka ba, da abin da zai faru in kai da kanka ka samo mai saye.

TAMBAYA TA UKU

Malam ina wuni. Mahaifinmu ya rasu bara ya bar mana gida, mu bakwai ne, 'yan uwa suka wakilta ni in sayar a raba. Matsalar itace ɗakuna biyu ƙasan bangonsu yana da danshi, fentin yana kumbura yana zubowa da wani farin gari kamar gishiri, sannan akwai tsaga da ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace. Dillalin da na kira yace ba komai bane, a cike tsagar a shafe da fenti sati ɗaya kafin a fara kawo mutane babu wanda zai gane. Wallahi raina bai kwanta ba, amma kuma inajin tsoro in na faɗa wa mai saye farashin zai faɗi 'yan uwana suce na cuce su.

Wani matashi

Amsa: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Ƙanena, ranka da bai kwanta ba ya fi dillalin nan gaskiya, kar ka yi. Ɓoye aibin kaya ha'inci ne, addini ya hana, kuma a ƙasashe da dama doka tana ba mai saye damar kai ka ƙara in ya gano ka san da matsalar ka rufe. A Amurka misali, duk mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 dole ne ya bayyana wa mai saye abin da ya sani game da fenti mai dalma a gidan. Ban da wannan ma, dabarar ba ta ci. Farin garin nan gishiri ne da ruwa ke fitowa da shi daga cikin bulo, muddin ruwan na shiga zai ci gaba da turo fentin, cikin 'yan makonni ya sake kumbura. Mai saye mai hankali kuma in ya shiga ɗaki ya ga bango ɗaya ne ya sha sabon fenti daga ƙasa, ya riga ya gane, daga nan duk abin da ka faɗa masa a kan gidan ba zai yarda ba.

Fara da gano inda ruwan yake fitowa, sau da yawa abin bai kai yadda ake tsoro ba. Zaga bayan ɗakunan nan ka duba, ruwan rufi yana zuba a gindin bango ne? Ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu? Akwai banɗaki ko bututun ruwa a jikin bangon? Rufe duk famfunan gidan da dare ka yi alama a tanki ko ka rubuta lambar mitar ruwa, in da safe ta canja toh bututu ne ke yoyo a ɓoye, aikin mai gyaran famfo ne. Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi, ka samu takardar alminiyam ka manne ta a bangon da salatif ta kowane gefe ka bar ta kwana biyu, in raɓa ta taru a fuskar da ke kallon ɗaki toh rashin iska ne a ɗakin, in ta taru a fuskar da ke manne da bango ruwan daga cikin bangon yake. Danshin da ke tasowa daga ƙasa yawanci bai cika wuce mita ɗaya a tsawo ba, in ka ga naka ya haura can sama ka nemi dalilin a rufi ko bututu.

Tsagar ce ta fi buƙatar natsuwa, kuma wannan ba hurumin dillali ba ne sam, aikin injiniyan gini ne. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta kasa tsagar bango gida-gida bisa faɗinta, wadda ba ta wuce milimita 5 ba galibi cikewa kawai take so, daga 5 zuwa 15 sai magini ya buɗe ya gyara, wadda ta haura 25 kuwa ginin ne kansa ya samu matsala babba. Don ka kwatanta, katin banki bai kai milimita ɗaya a kauri ba, fensir kuma kusan 7 ne. Amma faɗi kaɗai bai isa ba, tsagar da ta tafi a karkace daga kusurwar taga, musamman in gefe ɗaya ya fi buɗewa ko tagar ta fara cijewa, tana iya nuna ƙasa ce ke motsi a ƙarƙashin harsashi. Ja layi da fensir a inda ta ƙare ka rubuta kwanan wata, bayan sati uku ko huɗu ka duba ko ta wuce layin. Ka kira injiniya ya rubuta maka rahoto.

Da rahoton nan a hannunka abin ya zo da sauƙi. In gyaran ƙarami ne ku yi ku ajiye rasit da hotunan kafin da bayan aiki, ku nuna wa mai saye. In babba ne ba ku da halinsa, ka karɓo kiyasi a rubuce daga magina biyu, ka ajiye a gaban mai saye ka ce ga matsala, ga abin da za ta ci, mun cire daga farashi. Abin da na lura da shi shine mai saye in shi ya gano aibi da kansa yakan ninka kuɗin gyaran a zuciyarsa sau uku ko huɗu saboda bai san iyakarsa ba, in kuwa an ba shi a takarda sai ya tsaya a kan abin da ke takardar. Kaga faɗin gaskiyar ma ya fi kare kuɗin magada.

'Yan uwanka kuma kar ka ɗauki nauyin nan kai kaɗai. Tara su ka nuna musu hotuna da rahoto, duk abin da za a kashe a amince a rubuce kowa ya sa hannu, a kuma rubuta cewa wanda ya fitar da kuɗin gyara za a fara mayar masa kafin a raba. Kuɗin gado yana raba zumunci a kan abin da bai kai wannan ba, ina roƙonka ka kiyaye. Dillalin nan kuwa ka canja shi, wanda ya shirya rufe mai saye a gabanka ban ga abin da zai hana shi rufe ka a bayanka ba.

TAMBAYA TA HUƊU

Barka Malam, shekara shida da suka wuce na ƙara ɗaki biyu a bayan gidana amma ban nemi izinin hukumar tsara gine-gine ba. Yanzu zan sayar, dillali yace a sa a talla gida mai ɗaki biyar farashi zai tashi. Akwai matsala?

Wani mai karatu

Amsa: Akwai, Malam. Ɗakunan suna nan a ƙasa amma babu su a takarda, kuma mai sayen da zai biya da tsada shine wanda zai zo da lauya ko da bashin banki, su kuwa takarda suke dubawa. Mai kimantawa na banki yana iya ƙin lissafa ɗakunan, ciniki ya zo ƙarshe ya watse bayan kun ɓata wata biyu. Kafin a buga talla ka ga lauya, ka je hukumar ka tambayi yadda ake daidaita ginin da aka riga aka yi, wurare da yawa suna da hanyar yin haka, wani lokacin da tara. Ka haɗa da sauran takardun, ta mallaka, da taswirar fili, da shaidar biyan haraji da wuta da ruwa, duk a fayil ɗaya. A cikin abubuwan da ke ɗaga darajar gida ban san wanda ya kai cikakkiyar takarda ba, kuma ita ce aka fi mantawa da ita ana can ana zaɓen launin fenti. Dillalin da bai tambaye ka takardu a zuwansa na farko ba ka sa masa ido.

TAMBAYA TA BIYAR

Ɗana sannu da ƙoƙari. Ni dattijuwa ce, yara duk sun watse gidan ya yi mini girma inaso in sayar in koma ƙarami. Bani da kuɗin gyara. Dillali yace zai kawo ma'aikatansa suyi fenti da sauran gyare-gyare shi zai biya, in an sayar ya cire. Jikata ce ta rubuta mini wannan. In yarda?

Wata dattijuwa

Amsa: Mama, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Ana yin irin wannan kuma ba laifi ba ne in an yi shi a fili, amma bashi ne, ki ɗauke shi a matsayin bashi. Kafin a ɗora buroshi a bango ya rubuta miki aikin ɗaya bayan ɗaya da kuɗin kowanne, jikarki ko ɗaya daga cikin yara ya kira wasu masu fenti biyu na daban su ma su yi kiyasi a kwatanta. A tambaye shi kai tsaye ko yana da kaso a wurin ma'aikatan nan. Babbar tambayar kuma ita ce in gidan bai sayu ba, ko kika fasa, ko kika so canja dillali, yaushe za a biya shi kuma da ƙari ko babu. In babu wannan a rubuce kin ɗaure kanki a hannunsa, ranar da ya kawo tayin da bai yi miki ba zai tuna miki da kuɗinsa. Kar ki sa hannu a komai sai wani naki ya karanta, kuma takardar gida ta asali kar ta bar hannunki, kwafi za a ba shi.

Sannan Mama, kafin a kai ga bashi akwai abin da hannu kawai yake so. Gidan da aka yi shekaru a ciki kaya ne ke cinye shi, ki sa yara su zo su yi kwana biyu su fitar da rabin abin da ke falo da ɗakuna, tunda dama ƙaramin gida za ki koma ba duka za su bi ki ba. Ɗakin da aka mayar sito a kwashe shi ya koma ɗaki, mai saye in ya buɗe ƙofa ya ga tarkace har silin ba ya lissafa shi a cikin ɗakuna. A wanke gilasan tagogi ciki da waje, a ɗage labule, duk ƙwan da ya mutu a canja, ƙofar da ke ƙara a ɗiga mata mai, famfon da ke ɗiga a canja masa roba, a nome ciyawar ƙofar gida a share. Ki kuma sa wani wanda ba a gidan yake kwana ba ya shigo ya gaya miki gaskiya ko akwai wari, hancin mai gida ya riga ya saba ba ya ji. In an gama wannan sai ki sake kiran dillalin, da wani na biyu, su sake zagawa, a ɗauki hotunan talla da rana lokacin da haske ya cika ɗakunan. Mai yiwuwa jerin gyaran da ya kawo da farko ya ragu ya koma fentin falo da ƙofar shiga kawai, wannan kuwa yaran ma in sun haɗa hannu za su iya ɗauke miki.